Teku Biyu Cikin Kaset Ɗaya

Da sunan Allah na buɗe wannan shafi, Shi kaɗai ya san shekarun da na yi ina haɗiye labarin nan. 'Yan uwa masu karatu, ku da saƙonku ke isa wurin masoyi kafin ku ɗauke yatsa daga waya, ku yi min uzuri. A zamaninmu saƙon soyayya a mota yake zuwa, cikin ambulan, kuma sai kaka ta ji shi tare da mai shi.

Sunana Innayatu. A Madina aka haife ni, a unguwar Bani Harisa, a wani gida mai ɗaki biyu da tsakar gida wadda ba ta wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Shekarar da nake ba ku labari ita ce 1404 ta Hijira, ina da shekara ashirin da ɗaya. Babana ya rasu ina 'yar shekara shida, mahaifiyata ta bi shi bayan shekara biyu, gidan ya rage daga ni sai kakata ta wajen uba, Hajja Ƙaltume. Ni Kaka nake ce mata. Sauran jikokinta "Sitti" suke kiranta, su yi mata Larabci ta mayar musu da Hausa, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa ban isa ba. Ranar da bakina ya suɓuce na ce mata "ɗayyib", harara ta watsa min ta ce, "Ɗayyib ɗin gidanku. To ake cewa."

A watan Rajab aka ɗaura mana aure da Sabiru, abin da a nan muke kira milka: aure ya ɗauru, amma amarya tana gidansu sai an yi biki. Namu bikin an sa shi bayan alhazai sun watse. Sabiru ɗan unguwar Awali ne, babansa a gonakin dabino ya tsufa, shi kuwa ya koyi aikin lantarki, wata sharika, wato kamfani, ta ɗauke shi a Yanbu, can bakin Bahar Maliya, tafiyar awa uku a mota. Sau ɗaya a wata yake zuwa. In ya zo, sai ya zauna a bakin tabarma cikin farar jallabiyarsa mai karin guga, yana juya kofin shayi, yana kallon yatsun ƙafarsa kamar ranar ya fara ganinsu. Kalma goma ba ma haɗawa. Amma ku ji shi a kaset, sai ku rantse hayar wani ya yi.

Mai kawo kaset ɗin Baba Maiwada ne, wani dattijo mutumin Damagaram da ke jigilar fasinja tsakanin Madina da Yanbu. Ranar wata Talata a watan Shawwal, bayan la'asar, zafi na dukan bango kamar an buɗe tanda, na ji hon ɗinsa sau uku. Na yafa abaya na leƙa.

"Amarya, ga ango a aljihu!" Ya miƙo ambulan ta tagar mota yana dariya. "Ya ce Juma'a da hantsi in biyo in karɓi amsa. Ya ce dole ne, babu 'bukra' babu 'ba'ad bukra', wato ba gobe ba jibi."

Rakodar gidanmu ta Kaka ce, baƙa mai hannu, tana lulluɓe ta da ƙyallen atamfa kamar jaririya. Da ita take ɗaukar gaisuwa duk shekara ta bai wa alhazai su kai wa danginta a ƙasar Haɗeja. Ba ta karanta ko harafi ɗaya na boko, amma jan maɓallin nan ta san shi sarai. Don haka babu maganar in shige ɗaki in ji ni kaɗai. Na ajiye ta a tsakar gida, Kaka ta gyara zama a kan kujerarta 'yar tsugunno, ta ɗaura zanenta mai ruwan bula, na danna.

"Assalamu alaikum. Innayatu, ina fatan kina lafiya. Ina gaida Kaka, na san tana kusa."

"Ja'iri," in ji Kaka. "Ya san ni."

"Magana ce ta gida. Na samu biyu, kuma ranar Asabar sharika za ta rufe sunayen masu iyali, wanda bai ce komai ba ya rasa. Ba zan zaɓa ni kaɗai ba. Ke za ki wuni a ciki, ni kwana zan riƙa zuwa yi. Kin taɓa ce min ba ki taɓa ganin teku ba. To ban iya kawo miki ita a kwalba ba, amma ga ta ki ji. Wannan fuskar kaset ɗin ta tsohon gari ce, unguwar Sur."

Sai ga wata irin ƙara ta cika mana gida. Ruwa na marin jikin katako, fal, fal, fal. Maza na ciniki da Larabci mai sauri, wani na rantsuwa kifinsa na safe ne. Kyanwa na kuka. Can daga nesa na ji muryar mace, da Hausa tsantsa, tana cewa, "Ke Azumi, farantin nan zai kawo kansa ne?"

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

"Kin ji su ko?" Sabiru ya ci gaba. "Namu ne. Iyayensu a nan jirgi ya sauke su, ba su ƙara gaba ba. Gidan tsoho ne, ba zan ɓoye miki ba. Gishiri ya ci bangon, tagogin katako ne irin na da, wasu sun karye. Ruwa sai mota ta kawo. Babu tarho. Amma akwai tsakar gida, akwai ɗaki a ƙasa mai ƙofa biyu, iska na ratsa shi. In kin buɗe ƙofa, mutane ne. Yanzu juya kaset."

Na juya. Na ɗauka rakodar ce ta lalace, don shiru na ji. Sai da na kasa kunne sannan na tsinkayi iska, da wani ruwa mai ja da baya a hankali, shaaa, kamar ana sharar yashi.

"Wannan Sina'iyya ce, sabon garin da ake ginawa. Nan gidajen sharika suke. Shaƙƙa ce a hawa na biyu, ɗaki uku, sabuwa fil, ko ƙusa ba a buga ba. Akwai mukayyif a kowane ɗaki, ba za ki san ana zafi ba. Ruwa a famfo. Akwai tarho, an riga an ja waya. Daga tagar kicin ana hango teku. Maƙwabta kuwa, na dama ɗan Filifin ne, na hagu ɗan Pakistan, na sama Turawa. Ba su da fitina, kowa ƙofarsa a rufe." Ya sauke murya. "Innayatu, minti goma ke nan ina tsaye a nan, mutum ɗaya bai wuce da ƙafa ba. Na ce gara in faɗa miki."

Ban lura da Kaka ba sai da na ji ƙarar buta. Ta miƙe, alhali magariba da sauran lokaci.

"Rage muryar ruwan nan," ta ce, ba ta waiwayo ba.

Ya kamata a ce na gane tun a nan. Ai na san labarin, a kansa na girma. Kaka da ƙafa ta baro ƙasar Haɗeja tana sabuwar amarya, ita da kakana, shekara bakwai suna hanya. Su yi noma a nan, su tsinci auduga a Sudan, su ƙara gaba. A Sawakin suka shiga jirgin katako, tana goye da ɗanta na fari, yayan babana, ɗan wata tara. Kwana huɗu iska ta tsaya, ruwan sha ya ƙare, yaron ya cika a bayanta. Mai jirgi ya ce ba a ajiye gawa. Suka naɗe shi da ɗankwalinta, suka yi masa salla, suka sa shi a ruwa. Tun daga ranar Kaka ba ta ƙara cin kifin teku ba. Ko a kasuwa ta ga mai kifi, sai ta tsallaka ɗaya gefen.

Na san duk wannan. Amma mai son abu kunnensa toshe yake. Ni dai abin da ya zauna min a kai shi ne ɗakin ƙasa mai ƙofa biyu, da matar nan mai kiran Azumi. Har na gama shimfiɗa wa Kaka gado a zuciyata, na ajiye akwatinta na ƙarfe a lungu, na ga tsofaffin unguwa sun zagaye ta ana tauna goro ana labarin hanya. Teku kuwa, na ce ai sai mu rufe tagar da ke kallonta, shi ke nan.

Washegari Laraba da hantsi sai ga mota ta tsaya a ƙofa. Tun kafin a yi sallama ƙamshin turare ya riga ya shigo, na san Gwaggo Saudatu ce, ƙanwar babana, wadda ke aure a Awali. Abayarta ta siliki tana sheƙi, awarwaron zinariya har gwiwar hannu, in ta ɗaga hannu sai ka ce ana zuba cokula a tire. Uwar Sabiru maƙwabciyarta ce, labari ya riga ya isa.

Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Mabruk ya binti! Shaƙƙa a Sina'iyya! Mukayyif uku! Wallahi 'ya'yana ma ba su samu haka ba."

"Gwaggo, ban zaɓa ba tukuna."

"Esh? Me za ki zaɓa? Ana zaɓe tsakanin tuwo da ƙanzo?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafina. "Ni tsohon garin ya fi kwanta min."

Awarwaron suka yi tsit.

"Unguwar masunta? Inda kaya ke ruɓewa a cikin akwati? Inda za ki shanya zane ki ɗauke shi yana ƙarnin kifi?" Ta juya Larabci, ta dawo Hausa, don in ranta ya ɓaci harshe ɗaya ba ya isar ta. "Shekara nawa muka yi ana nuna mu da baki ana cewa takari, masu tallar gyaɗa? Allah ya ɗaga mu, ya ba ki miji mai aikin sharika, ke kuma ki ce baya za ki koma? Wannan ai zaɓen tumun dare ne!"

"Can akwai ɗaki a ƙasa. Kaka ba ta iya hawa bene."

"Wa ya ce miki Hajja za ta bi ki?"

"To wa zan bar wa ita?" Ban san lokacin da muryata ta ɗaga ba. "Wa zai dama mata kunu ba sukari? Wa zai cuɗa mata baya ranar Juma'a? Ke, Gwaggo, da sai wata ya zagayo muke ganin ƙeyarki?"

Allah ya yafe min wannan magana. Gwaggo ta yi kamar na watsa mata ruwan zafi. Ta juya wajen Kaka, wadda tun ɗazu ke tsintar shinkafa a faifai kamar ba a gidan ake yi ba.

"Hajja, kina ji fa. Ki yi magana mana."

Kaka ta ɗauke wata 'yar tsakuwa ta jefar. "Yarinya aka tambaya, ba ni ba."

Suka kalli juna, kallon da a lokacin ban fassara ba. Gwaggo ta ja abayarta ta fita, ko shayin da na dafa ba ta taɓa ba. Ni kuwa wawiya na ji daɗi. Na ce shirun Kaka ai yarda ce.

Bari in gaya muku gaskiya, tunda na yi alkawarin ba zan yi wa kaina kwalliya a labarin nan ba. Ba don Kaka kaɗai na yi faɗan ba. Tsoro nake ji. Ni ban taɓa yin ƙawa ba. A makaranta 'yan ajinmu ba su zage ni ba, ba su kuma neme ni ba, in an tashi kowacce ta kama hannun 'yar uwarta, ni in kama jakata. Jikokin Gwaggo da 'ya'yanta suna ganina 'yar ƙauye mai Hausar tsofaffi. Duk duniya mutum ɗaya ce in na yi shiru take sanin irin shirun. Da na ji iskar nan ta Sina'iyya a kaset, sai na ga kaina a tagar kicin tun safe har yamma, ina kallon ruwa, mukayyif na gurnani, babu mai ce min ko "ke". Kaɗaicin da na saba da shi mai mutum biyu ne. Wancan kuwa ban san yadda ake shigarsa ba.

Ranar Alhamis bayan azahar na ɗauko sabon kaset, na shige ɗaki na tura ƙofa. Sau uku ina farawa ina gogewa. A na huɗu na daure.

"Wa alaikumus salam. Sabiru, na ji saƙonka, na gode da ka tambaye ni. Na zaɓi tsohon gari. Gishirin bango ba komai, zan riƙa sharewa. Ka sa a gyara ɗakin ƙasa saboda Kaka, a toshe tagar da ke kallon ruwa. Ka gaida matar nan mai neman faranti." Sannan na ƙara da abin da ban taɓa faɗa masa ba. "Ina jin daɗin muryarka."

Na kashe da sauri kamar wadda ta taɓa wuta, na bar kaset ɗin a ciki.

Ina fitowa Kaka ta ce, "Garin magaryata ya ƙare, gobe Juma'a. Je ki sayo min."

"Bari in leƙa baƙalar bakin titi."

"Na baƙala rabinsa ƙasa ne. Ki bi Lauratu, na ji za ta kasuwar bakin Harami, ki sayo wajen masu kayan ƙamshi."

Lauratu maƙwabciyarmu ce, mace mai tsayawa gaisawa da kowane shago. Ba mu dawo ba sai dab da magariba. Na samu Kaka a kan sallaya, rakoda na inda na bar ta, an lulluɓe ta da ƙyallenta tsaf.

Juma'a da hantsi na ɗora ruwan wankan Kaka a kan risho. Tun da kafaɗarta ta dama ta riƙe shekara uku da suka wuce, ni ke yi mata wankan Juma'a: in jiƙa magarya in wanke mata kai, in cuɗa baya, in shafa mata man zaitun. Kafin ruwan ya yi ɗumi, kunya ta dame ni a kan kalmar nan ta ƙarshe. Na ce bari in ji yadda ta fito, in ta yi rawar kai da yawa in goge. Na shiga ɗaki, na mayar da kaset baya, na rage murya, na kara kunne.

Na ji kaina ina zaɓen tsohon gari. Na ji "ina jin daɗin muryarka", na rufe fuska da tafin hannu. Na kai yatsa zan kashe ke nan, sai na ji ƙwas, sannan tari. Tarin da ko cikin barci na san mai shi.

"Yana ɗauka? To. Sabiru, kakarka ce, Ƙaltume. Ka ji abin da matarka ta ce. Yarinya ce mai hankali, sai dai ba ta tambaye ni ba, ni kuma ba ni da zuciyar da zan kalli idonta in faɗa mata. Kai zan faɗa wa, tunda ba ka gabana.

"Ba zan zo Yanbu ba. Shekara bakwai na yi ina taka ƙasa kafin in ga Madina, ban zo don in mutu a bakin ruwa ba. Ruwan nan ya riga ya karɓi rabonsa a wurina. Likkafanina na cikin akwati tun shekarar da ubanta ya rasu. Maƙabartar Baƙi'a nake roƙon Allah, kusa da mijina da ɗana. Saudatu za ta ɗauke ni zuwa Awali bayan biki, mun gama magana tun watan azumi, ni na hana ta faɗa.

"Yanzu ga roƙona. Na taɓa tambayar Maiwada, ya ce sabon garin shi ne a kan hanyar Madina, kafin a kai tsohon. Kuma na ji ka ce akwai tarho. Gidan Saudatu ma akwai. Ka san garin nan ba a jiran kowa. Wanda ya cika da safe, kafin la'asar an sallace shi a Harami an kai shi. Ni kuwa ba na son hannun kowa a jikina ranar sai nata. Ita ta san kafaɗar da ke min ciwo. Ita ta san ba na son ruwa mai zafi. In kuna tsohon gari, kafin a samu mai zuwa ya faɗa muku, baƙi sun wanke ni. Ka kama gidan mai tarho, ɗana. Ranar da ya yi ƙara, kada ka tsaya neman izinin kowa, ka sa ta a mota."

Ina jin numfashinta, da kukan kurciyoyin kan katangarmu.

"Na san za ta sha kaɗaici a can. Na sani. Ni na jawo mata, Allah ya yafe min son kai. Ka riƙa dawowa gida da wuri. Ka riƙa yi mata magana, ka bar kallon ƙafar nan taka, ba abin da ke rubuce a kanta. Kuma kada ka ce na ce. Ka ce mata wani ya riga ka kama tsohon gidan. Ƙaryar a wuyana. To, yaya ake kashe abin nan..."

Ƙwas.

Ba kuka na fara yi ba. Fushi na fara. Na ji kamar in ɗaga rakodar in maka ta da bango. Wato tun azumi an gama da ni, ana kallona ina ta shimfiɗa gado a iska! Wato Gwaggo da na yi wa rashin kunya ta fi ni sanin kakata! Shekara goma sha uku muna kwana ɗaki ɗaya, amma baƙin akwatin roba ta iya faɗa wa abin da ta kasa faɗa min.

Sai hon ya tashi a waje, sau uku.

Na kalli jan maɓallin. Abu ne mai sauƙi. In mayar da kaset baya kaɗan, in danna, in bar shi ya ɗauki shirun ɗaki na minti uku. Sabiru ba zai taɓa sani ba. Zai kama tsohon gida, ya gyara ɗakin ƙasa, ni kuma ranar tafiya in durƙusa a gaban Kaka in yi ta kuka. Na san ta. Ba ta taɓa iya jure hawayena ba. Za ta bi ni, ta zauna a ɗakin da aka toshe wa taga, tana jin ruwan da ya cinye ɗanta yana marin bango dare da rana, ta mutu a can, a binne ta a ƙasa mai gishiri. Ni kuma in samu mai ce min "ke".

Har na mayar da shi baya. Wallahi har na ɗora yatsa. Ina faɗa muku ne don kada wata ta ɗauka ni ta kirki ce tun asali.

Hon ya sake tashi.

Na cire yatsana. Na tura kaset ɗin gaba, har inda Kaka ta ce yaya ake kashe abin nan, na bar shi ya wuce kaɗan. Sannan na danna ja.

"Sabiru, ni ce kuma. Na ji abin da Kaka ta ce. Ba sai ka yi min ƙarya ba." Na matso da bakina kusa da rakodar. "Ka kama mai tarhon."

Na sa shi a ambulan, na lashe bakin na manne, na yafa abaya a karkace na fita. Baba Maiwada ya karɓa ya jefa a aljihun gaba, fasinjoji uku a baya suna fifita da jarida.

"To amarya, wace tekun aka zaɓa?"

"Wadda babu kowa, Baba."

Ya dube ni, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Bai ce komai ba sai "Allah ya sa albarka", ya ja mota. Na tsaya ina kallonta har ta sha kwana, kamar in bi ta da gudu.

"Innayatu!" Muryar Kaka daga banɗaki. "Ruwan nan sai ya ƙone ne?"

Na sauke tukunya, na surka da na sanyi, na gwada da gwiwar hannu yadda take so. Na same ta zaune a kan kujerar wanka, ta juya min baya, zane a ƙugu, farin gashinta a kwance. Bayan nan da na sani kamar tafin hannuna, da tabon da igiyar goyo da kayan hanya suka bar mata. Na jiƙa magarya a kwano. Na ɗebo ruwa a moɗa, sai moɗar ta hau kaɗawa tana zuba a ƙafata.

Kaka ba ta waiwayo ba.

"Kin daɗe a ɗaki," ta ce.

Na sake ɗebo ruwa.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin ji, ko?"

"Na ji, Kaka."

"Kin goge?"

"A'a."

Na ga kafaɗunta sun sauka, kamar wadda ta sauke tulu bayan doguwar tafiya. Ni kuwa hawaye na zuba cikin kwanon magarya, ban ko share ba.

"To tsayar da hannunki," ta ce a hankali. "In ranar ta zo, ba na son rawar hannu. Kuma ba a ɗiga wa mutum hawaye."

Na ajiye moɗar, na goge fuskata da gefen zane, na sake ɗauka da hannu biyu.

"Ta ina zan fara, Kaka?"

"Ta dama," in ji ta. "Zuba in ji."